Jirgin Genésio da Ya Ƙi Tsukewa

Genésio mai tagogi ne. Da wannan sunan aka san shi a garin tun yana saurayi, da shi kuma ake kiransa har yanzu da ya daina sana'ar. In ka bi layin bayan coci ka gangara wajen rafi, duk wata tagar alminiyam da ka ga tana zamewa gefe, aikin hannunsa ce. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Idan ya gama kafa taga, sai ya kira matar gidan ya ce ta tura da yatsa ɗaya. In tagar ta tafi sumul ba ƙara, ya tattara kayansa yana murmushi. In kuwa ta ɗan cije, ko da matar ta ce ba komai, ranar ba zai waiwayi abincin rana ba sai ya gano inda take cizon.

Gidansa ne na ƙarshe a layin, bayansa yana kallon rafin da ya ratsa kurmin taɓo ya faɗa teku. Nan ya zauna da matarsa Dalvina da 'yarsu tilo, Marluce. Dalvina 'yar masunta ce. Yayanta Tibúrcio yana da kwale-kwalensa na kansa, ƙaƙƙarfan mutum mai babbar murya, wanda bai iya gaisuwa ba sai da tsokana. Tun ranar biki yake yi wa Genésio dariya, wai an ɗauki 'yar teku an ba mutumin da ko daga kan gada ya leƙa ruwa sai zuciyarsa ta tashi. Genésio ba ya ramawa. Yana son surukin nasa, kuma maganar gaskiya ce.

Sana'ar ta rufa masa asiri shekara da shekaru. Sai shagunan gari suka fara kawo tagogi haɗaɗɗu daga birni, ka saya yau, kowane magini ya manna maka gobe. Ba su kama ƙafar nasa ba wajen kyau, amma ba wanda ya damu. Aiki ya yi ta ja da baya har ya koma gyaran makulli da canjin gilas. Dalvina ta kafa rumfa a tashar jiragen ruwa tana sayar da shinkafa da yakuwa da soyayyen kifi, gida ya koma ci daga tukunyarta. Shi kuwa yakan wuni a ƙofar shago, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon masu wucewa.

Ana cikin wannan zama ne wata rana ya tsallaka ruwa zuwa birnin São Luís neman gilas, ya dawo a irin jirgin nan na tagwaye: kwale-kwale biyu dogaye sirara, an haɗa su da azara, an shimfiɗa dandamali a tsakani, an kafa dogon turke mai ɗauke da zanen da iska ke turawa. Ya shiga da fargaba, ya nemi lungu ya rungume bokiti. Sai ga jirgi yana sharara gudu a miƙe, ba tangaɗi, ba ƙarar inji, ba warin mai. Har suka iso bai yi amai ba. Rabin tafiyar ma a tsaye ya yi ta, yana shafa azarar yana leƙen yadda aka ɗaure ta.

Ya tarar da Dalvina tana kwashe kayan rumfa.

"Vina, na ga abin da zan yi. Jirgi zan ƙera."

"Kama mini tukunyar nan tukuna," in ji ta.

Ya kama tukunya, yana tafe yana zuba mata bayani. Mutanen birni suna zuwa ƙarshen mako neman wanda zai kai su tsibiran farin yashi, kuma ba sa son kwale-kwalen masunta mai ƙarnin kifi. In yana da jirgi irin wannan, sai ta rufe rumfa ta huta. Ta dube shi. Rabon da ta ga idanunsa haka tun kafin tagogin birni su shigo gari, saboda haka ba ta ce a'a ba.

Tibúrcio kam da ya ji sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Suruki, kai da jirgi? To na ji, ka ƙera shi a bayan gida. Ta ina zai fita? Ko fiffike za ka sa masa ya tsallake gada?"

Nan ne gizo yake saƙa. Gadar siminti tana ƙasa da gidan kaɗan, kuma tsakanin ginshiƙanta kwale-kwale ɗaya ne ke wucewa. Jirgin tagwaye ya ninka haka faɗi. A bar shi a waje kuma ba zai yiwu ba, don a gaɓar nan ruwa yakan janye har ido ya gaza hango shi, sannan ya dawo a guje kamar an koro shi. Abin da aka bari a fili, guntayensa ake tsinta.

Genésio ya yi ta juya maganar a ransa. Wata rana a shago yana neman tasha a tsohuwar rediyonsa, ya ja eriya ta miƙe, ya tura ta koma. Ya sake ja, ya sake turawa. Bai ko kulle shagon ba ya nufi bakin ruwa inda Tibúrcio ke ɗinkin koma, ya ɗaga masa rediyo a fuska.

"Ka gani? Azarar bututu za ta zama, ƙarami cikin babba. In zan wuce gada in tura kwale-kwalen biyu su matso juna, jirgi ya tsuke. In na fita in ja su, ya buɗe, in soke da ƙusa."

"Ruwan gishiri ba falon gidan mutane ba ne, suruki."

"Duk abin da ke zamewa a duniya ni na san kansa."

"Allah ya ba da sa'a. In ya nutse ka bar mini rediyon."

Kwale-kwalen biyu ba su ba shi wahala ba. Katako ne da gam da haƙuri, kuma haƙuri yana da shi. Damina biyu ya yi yana aikinsu ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida, suka fito sumul kamar an zana. Tibúrcio da kansa ya zo ya ƙwanƙwasa su da bayan hannu ya gyaɗa kai. Turken ma ya yi masa maɗauri a gindi yadda za a kwantar da shi a wuce ƙarƙashin gada. Azara biyu ne suka cinye masa sauran ƙuruciyarsa.

Bututu cikin bututu ba ya tafiya haka kawai. Ƙarfe yana cizon ƙarfe, balle an ɗora masa nauyin jirgi. Dole a sa wani abu a tsakani da zai ɗauki nauyin kuma ya yi santsi. Ya fara da abin da ya sani, 'yan tayoyin da yake sa wa tagogi. Ranar gwaji, a kan busasshiyar ƙasa, tura ɗaya aka yi suka murƙushe kamar gyaɗa. Ya koma boris, 'yan ƙwallayen nan na ƙarfe, iskar teku ta cinye su da tsatsa tun jirgi bai taɓa ruwa ba. Ya ce to bari ya cika bututun da giris. Giris ya kwashi yashin da iska ke kawowa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya kankare bututun ciki har ya yi zane.

Kowane gwaji sai an tara mutane su kama, kowane gwaji kuma sai an watse ana ƙunshe dariya. Ga wata masifar: azara biyu ce, ta gaba da ta baya, kuma dole su tafi tare. Ɗaya ta riga ɗaya da faɗin yatsa, shi ke nan, duka sun cije.

Wani mai gyaran injin jirgi ya ba shi shawarar farar robar nan mai tauri da ake kira nailan. Ya samo, ya yanka ta 'yan faifai, ya jera su cikin bakin babban bututu da kan wutsiyar ƙaramin, ya ba su suna takalma. Suka yi aiki. Da rani ne, mutum biyu suka tsuke jirgin suka buɗe shi ba gumi. Genésio ya yi ta zagaya gari yana gayyatar mutane. Kafin ya gama fenti damina ta sauka, robar ta sha danshi ta kumbura, azara ta kafe kamar an zuba mata siminti. Sai da ya yi kwana da kwanaki da guduma da kurfi kafin ya raba su. Ya gwada farantan tagulla, suka haɗu da gishiri suka ci alminiyam ɗin, ya zama farin gari yana zuba. Bututu guda ya lalace ɗungurungum. Don ya samu wani, injin yankan da ya yi sana'a da shi duk rayuwarsa ya bayar. Daga ranar shagon ya zama ɗakin ajiya.

A shekarun nan Marluce ta girma ta gama makaranta, ta samu aiki a wani gidan ɗinki a São Paulo. Ranar da za ta tafi ta same shi a bayan gida, kansa cikin bututu.

"Baba, motar ta kusa tashi."

"Ina zuwa, 'yata, bari in ɗaure wannan."

"Baba, ka taɓa duba ƙafafun Mama kuwa? Sun kumbura kamar gungume. Tsayuwar rumfa ce. Kai kana nan kana lallashin ƙarfe."

Ya zaro kansa daga bututun. Ya raka ta tasha da baƙin mai a hannu, ko rungumarta bai iya yi sosai ba don kada ya ɓata mata riga.

Bayan tafiyarta ya fara zuwa rumfa da yamma yana taya Dalvina wanke-wanke. A nan ne allon da take yanka kifi a kai, farin allo na roba, ya suɓuce masa cikin ruwan sabulu. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Ya tsaya yana jujjuya shi. Allon nan kullum cikin ruwa yake, shekara da shekaru, bai kumbura ba, bai yi tsatsa ba, ko man kifi ba ya kama shi.

"Vina, ba ni wannan."

"Nésio, ka ci shagonka, yanzu kuma rumfata za ka fara ci?"

"Wannan kaɗai. Na rantse miki daga shi ba zan ƙara ba."

Ta goge hannu a zane. Can ta ce, "Ɗauka. Amma in wannan bai yi ba, ka fasa jirgin nan mu yi makamashi da shi. Na gaji, tsohona. Allah ya sani na gaji."

Allon kuwa ya yi. Genésio ya bi kasuwar kifi yana roƙon tsofaffin alluna, ya yanka su takalma, ya goge kowanne da hannu har ya zauna daidai. Ya jiƙa su cikin ruwan teku wata guda ya auna, ba su motsa ba. Ranar da ya gama jerawa bai kira kowa ba sai Dalvina. Ya ɗora kwale-kwale ɗaya a kan gungumen da ke mirginawa, ya ce ta tura. Ta sa tafin hannu ta tura, jirgi ya tsuke a hankali ba ko ƙara. Ta ja, ya buɗe. Ta dube shi, gashin kansa duk ya yi fari, ta juya da sauri wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba wuta a kusa.

Suka sa ranar Asabar da safe, lokacin cikar ruwa. Dalvina ta rufe rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar makoki. Genésio bai iya tuƙi da iska ba, don haka Tibúrcio ne ya karɓi sandar tuƙi, yana cewa ya zo ne kawai don kada ƙanwarsa ta mutu a hannun mai tagogi. Maƙwabta suka tura jirgin cikin rafi. A tsuke ya bi ruwa, ya shige tsakanin ginshiƙan gada ya fita ɗaya gefen, mutanen da suka cika kan gadar suka ɗauki ihu. Genésio ya ja igiya, kwale-kwalen biyu suka rabu, ya soke ƙusoshi, suka ta da turke. Iska ta cika zane.

Wannan yinin shi ne Genésio ya samu a duniya. Jirgi ya miƙe yana yanka ruwa kamar almakashi cikin sabon yadi. Suka wuce kwale-kwalen masunta ɗaya bayan ɗaya, Tibúrcio yana ɗaga musu hannu yana zaginsu da sunayen iyayensu. Dalvina ta cire takalmi ta miƙe ƙafafunta a kan dandamali, feshin ruwa yana dukan fuskarta, tana dariya irin wadda ya manta tana da ita. Suka kai tsibirin yashi, suka tura hancin jirgin kan gaɓa, suka ci kifi da garin rogo a inuwar zane. Tibúrcio ya kurɓi giyar rogo ya miƙa masa kwalbar.

"Suruki, zan faɗi magana, in ka maimaita ta a gari in ƙaryata ka. Abin nan yana gudu."

A hanyar dawowa iska ta ƙaru, igiyar ruwa ta yi ta dukan jirgin ta gefe, tana ɗaga kwale-kwale ɗaya tana sauke ɗaya. Bai karye ba, bai ko yi kuka ba. Suka iso bakin gada da la'asar, ruwa ya fara janyewa. Suka kwantar da turke. Genésio ya zare ƙusoshi ya tura.

Ko gezau.

Ya sake turawa da kafaɗa. Tibúrcio ya kama masa. Azara ta tsaya ƙyam. Yashin tsibiri ya shiga bakin bututu, dukan ruwa kuma ya ɗan murɗe jirgin, takalman suka matse gefe ɗaya. Mutane suka fara taruwa a kan gada, wannan karon ba ihu, sai shawarwari.

"Seu Genésio, zuba masa ruwa!" in ji wani, da "Seu" ɗin nan na girmamawa, kamar a ce Malam.

"A buga da guduma mana!"

"Ku yi sauri dai, ruwa yana tafiya!"

Ruwa kuwa yana tafiya. In ya gama janyewa jirgin zai zauna a kan tsofaffin turakun katako da ke binne a taɓon wurin, su huda cikinsa. Genésio ya ɗaura igiya daga wannan kwale-kwale zuwa wancan, ya soka sanda a tsakiya ya yi ta murɗawa har igiyar ta yi tauri tana kuka. Azara ba ta motsa ba.

"Dakata haka, kada ka saki," in ji Tibúrcio. Ya tuɓe riga ya dira cikin ruwa, ya kai masa ƙirji. "Bari in ga abin da ya toshe ta. Kai da ƙarfenka mai shegen taurin kai kamar mai shi."

"Yaya, ka yi hankali," in ji Dalvina.

Ya sa hannun dama a inda ƙaramin bututu ya shiga babba, yana ƙwaƙule yashi da yatsu. Daidai lokacin wani jirgin inji ya wuce ta bakin rafin. Igiyar ruwan da ya tayar ta iso a hankali, ta ɗaga kwale-kwale ɗaya kaɗan. Murɗewar ta saki. Igiya tana ɗaure tamau, takalman kuwa santsinsu bai rage komai ba. Jirgi ya rufe gaba ɗaya, lokaci guda, da ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe.

Tibúrcio bai yi ihu ba da farko. Dalvina ce ta yi. Genésio ya tsaya da sanda a hannu yana kallon ruwan da ke canja launi a gefen jirgin, sai da wani ya diro daga gada ya ture shi ya yanke igiyar.

A asibitin birni aka ceci babban yatsa da ƙaramin. Na tsakiya ukun sun tafi. Genésio ya yi zaman baranda har aka sallami Tibúrcio, bai iya shiga ɗakin ba sai in yana barci. Zuleide, matar Tibúrcio, takan wuce shi kamar ta wuce bango. Da suka dawo gari ya tarar maƙwabta sun jawo jirgin ta ƙarƙashin gada sun ɗaure masa shi a bayan gida. Ya wuce lafiya, in ji su, ko ginshiƙi bai taɓa ba.

Masunci da hannunsa yake ci. Tibúrcio ba ya iya jan koma, ba ya iya ɗinkinta, ko ƙulli ba ya iya yi. 'Ya'yansa maza duk sun tafi aikin gini a wasu garuruwa. Ba wanda ya ce wa Genésio komai, shi da kansa ya je bakin ruwa wata safiya ya tsaya kusa da kwale-kwalen Tibúrcio.

"Ni zan ja maka. Kai ka yi tuƙi."

Tibúrcio ya dube shi daga sama har ƙasa. Genésio yana jira ya ji zagi, ya ji an ce mai tagogi zai cika masa jirgi da amai. Da ya ji haka da ya samu sauƙi.

"To, Seu Genésio. Na gode," in ji Tibúrcio.

Tun daga ranar bai sake ce masa suruki ba. Bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai taɓa ambaton jirgin ba. In Genésio ya yi kuskure, ya gyara masa a hankali kamar yadda ake yi wa baƙo. Suka yi ta fita tare, tsofaffi biyu, ɗaya ba yatsu ɗaya ba juriyar teku. Genésio yana jan koma yana amai, ya wanke baki da ruwan gishiri ya ci gaba. Tafin hannunsa ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Kifin da suke samu bai kai rabin na da ba, don inda ake buƙatar sauri shi ba shi da shi. Ya ƙi karɓar rabonsa, Tibúrcio kuma ya ƙi barinsa ya tafi hannu wofi, sai ya sa Zuleide ta aika da kifin gidan ƙanwarsa, ba saƙo.

Sau ɗaya Genésio ya gwada. Suna tsakiyar ruwa, iska ta kwanta.

"Tibúrcio, da na saki igiyar nan kafin ka sa hannu..."

"Ni na ce kada ka saki. Ja komar, Seu Genésio, rana tana yi."

Jirgin tagwaye yana nan a bayan gida. Bai sake hawansa ba, bai rufe shi ba, bai fasa shi ba. Wasu baƙi sun zo tambaya ko na sayarwa ne, Dalvina ta ce su tambayi mai shi, mai shi ya shige ɗaki. Ruwan sama ya taru a cikin kwale-kwalen, katako ya yi laushi, ƙaguwa suka yi gida a ƙarƙashi. Daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da amalanke, ya nuna musu azarar da baki, suka kwance suka tafi da ita.

Tibúrcio ya ƙara shan giya. Da can yakan sha ne don ya yi surutu, yanzu yana sha don ya yi shiru. Wata damina ya sayar da kwale-kwalen ba tare da ya yi shawara da kowa ba, shi da Zuleide suka koma wurin babban ɗansu a can cikin ƙasa, inda ko warin teku ba a ji. Genésio a bakin mutane ya ji ranar tafiyar. Ya je tasha, ya tsaya nesa. Tibúrcio ya hango shi ta tagar mota, ya ɗaga masa hannun hagu. Ba a yi shekara biyu ba aka aiko cewa ya rasu, wai zuciya ce. Dalvina ta je jana'iza ita kaɗai. Ta ce masa hanya da nisa, ya zauna ya kula da gida, shi kuma ya gane abin da take nufi.

Ba ta taɓa ce masa kai ka jawo ba. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, in ya yi tari ta kawo masa magani. Sai dai in ya shigo ɗaki takan tuna da wani aiki a tsakar gida. Da Marluce ta aiko cewa ta kusa haihuwa, kuma ba mai taya ta, Dalvina ta haɗa kaya tun ba a gama karanta mata saƙon ba. Ta ba wata maƙwabciya rumfar. A tasha ta gyara masa wuyan riga.

"Akwai wake a tulu. Kada ka yi ta cin garin rogo gaya."

"Yaushe za ki dawo?"

"In jaririn ya yi ƙwari."

Yanzu Genésio yana gyaran makulli in an kawo, in ba a kawo ba ya zauna. Idanunsa sun fara hazo. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci yakan zauna a ƙofar gida da waya a hannu, ita ce ke kira. Takan ba shi labarin sanyin São Paulo, da likitan da ya duba mata ƙafa, da rigimar jikansu. A wata Lahadin nan kusa ya bari ta gama, sannan ya ce:

"Vina, rufin kicin yana yoyo. Na ce ko in bari sai kin zo ki ga inda kike so a mai da murhu."

"Gyara shi yadda ka gani, tsohona."

"To yaushe ne zuwan naki?"

"Bari dai yaron ya fara tafiya."

Ta cikin wayar yana jin Marluce tana ƙwala wa yaron kira, tana cewa ya daina gudu a kan bene kada ya faɗi. Dalvina ma ta san ya ji.

"Ka ci abinci kuwa?" in ji ta.

"Na ci," in ji shi.